Hannun da ya ƙi kai loma baki

Salamu alaikum. Kun daɗe ba ku ji ni a nan ba, har wasu na cewa ci-rani na tafi. Ina gida Kurawa. Ciwo ne.

Wata safiya na tashi kafaɗata ta dama tana ci kamar an zuba garwashi. Ban faɗi ba, ban ɗauki kaya ba. Inna ta ce sanyi ne, aka yi mini ƙaho. Da zafin ya lafa sai hannun ya ƙi ɗaguwa. Naman kafaɗar ya zube, riga ta rinƙa zamewa gefe guda.

A asibitin garin Isa an ɗauki hoton ƙashi, ba a ga komai ba. Na saida tunkiyata na tafi Sakkwato, aka tsira mini allurai ana sakin lantarki kaɗan-kaɗan. Likita ya ce, "Jijiya ce ta taɓu. Tana dawowa, amma ba ta sauri."

Na ji tsoro. Sai dai abin da ya fi ci mini rai ciyayya ce. Bayan magariba maza na fito da tuwo ƙofar gida a ci tare. Ni hannuna bai kaiwa baki, kuma ba a sa hagu cikin kwanon mutane. Sai na bar fita, ban gaya wa kowa dalili ba. Ina ɗaki ina ci da hagu, ina jin dariyarsu ta bayan katanga.

Da fari suna kira. Daga baya suka bari.

Damina ta wuce, wata ta zo. Kullum ina gaban bango, yatsuna na rarrafe sama yadda masu gashin ƙashi na asibiti suka koya mini.

Ran da na fita cin tuwo, na dafa hannu bisa gwiwa, na sunkuyo da kai wajen loma. Miya ta zubo mini a riga. Kowa ya kau da kai, sai taubashina Lawali ya ce, "Kai wanga! Mun saba cin rabonka, yanzu kad dawo kana zubar muna da miya?"

Aka yi dariya. Ya turo kwano gabana.

Har yau hannun bai wuce kaina, amma bana za ni gwada noma. Alhamdu lillahi. Allah shi saka wa Inna da likitoci.

Wanda kafaɗarsa ta fara ramewa, ya je asibiti da wuri, kada ya gaji da gashi. Ku kuma, in mutum ya bar fitowa cin tuwo, kada ku tsaya kira daga waje. Ku ɗauki kwano ku shiga.