Ɗakin da ke Saman Shagon Wanki

Me ya sa na jira shekara goma sha ɗaya kafin in buɗe baki? Har yau in na idar da salla ina tambayar kaina, ban samu amsa ba. Ɗiyata ce ke rubuta wannan, ni ban yi karatu ba. Na ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira.

Malam, mijina, direba ne a gidan wani Balarabe a Riyad, muna zaune a unguwar Shumaisi. Mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma yana sha. Irin wadda ake dafawa a ɓoye, a zuba a gorar ruwa, fara tas. A garin nan wanda aka kama da ita bulala ce, sannan a karɓe iƙama, takardar izinin zama, a sa shi a jirgi. Don haka na rufe. In bai fita masallaci ba, in ce zazzaɓi ne. In wanke bayi, in turara ɗaki. A ganina rufa wa miji asiri aikin mace ne, kuma na iya aikin.

Sai ranar da ya yi aman jini aka kwantar da shi. Wata nas 'yar Sudan ta ja ni gefe, ta ce akwai wasu maza masu fama da sha irinsa da ke haɗuwa duk Talata bayan la'asar, suna riƙe juna. Ta rubuta kwatance ta cusa mini a hannu.

Kwana tara takardar na ƙulle a bakin mayafina. Ba zan iya karantawa ba, kuma duk Bahaushen da na miƙa wa, kafin magariba labari ya isa Kano. Da aka sallame shi na ce za ni barka, na fita titi. Mai tasin farko Bahaushe ne, ya leƙo ya ce, “Sannu Hajiya, ina muka nufa?” Na ce, “Je ka, ɗana, jira nake.” Sai da na samu ɗan Pakistan na ba shi takardar.

Ya sauke ni a unguwar Al-Oud, gaban wani shagon wanki. Na hau bene ina zaton zan tarar da malami da allo da rubutun sha. Kujerun roba na gani, da butar shayi, da wani tsoho yana ɗauraye kofuna. Ɗan Sudan ne, kakanninsa Hausawa, Hausarsa a karkace.

Ya ce, “Hajiya, nan na maza ne.”

Na ce, “Ba ni ba ce. Mai gidana ne.”

“Yaya sunansa, in ya zo in gane shi?”

Shekara talatin da huɗu da aure, bakina bai taɓa kama sunan Malam ba, yadda uwata ba ta kama na ubana ba. Na soma kewaye-kewaye, dogo ne, yana da furfura a gemu. Tsohon ya yi dariya har ya ajiye kofi.

“Kakata sak! Bar shi, Hajiya. Da ƙafarsa zai hawo, da bakinsa zai faɗi sunansa da abin da yake yi. Ke kin ɗaukar masa rabin kayan, shi ya sa bai ji nauyi ba. Je ki huta.”

Da na koma na zuba masa abinci, na zauna. Na ce, “Malam, ba barka na je ba. Na gaji da cewa zazzaɓi ne. Giya ce.” Ranar aka fara faɗin kalmar a ɗakinmu. Ya ture kwanon gefe. Can ya ce, “Tsohuwa, ke da ba ki san alif ba, kin gano lungun da ni direba ban sani ba?” Yana murmushi, hawaye na bin gemunsa.

Talata biyu bai je ba. Ta uku ya sa farar riga ya fita. Ya dawo yana ƙanshin shayin na'ana'a, ya ce, “Ashe ba ni kaɗai ba ne. Har da mai tabarau da manyan takardu.”

Shekara biyu da wata huɗu yana zuwa. Sau ɗaya ya zame, kuma shi ya je ya faɗa musu da kansa. A shekarun nan muka koma hira kamar sabbin aure. Yakan saya mini rumman a hanya, ya zauna yana ɓare mini.

Amma hanta ta riga ta lalace. Aka sake kwantar da shi, idanunsa sun yi ɗorawa, magana sai da ƙyar. Ranar ƙarshe da azahar ina shafa masa ruwa a leɓe, ya tambaye ni wace rana ce. Na ce Talata. Ya yunƙura kamar zai tashi, na mayar da shi kan matashi. Ya riƙe yatsuna da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

“Tsohuwa, ke kin san hanya. Je ki gaya musu ba komawa na yi ba. Ciwo ne ya hana ni zuwa.”