Yaya Mustafa da Ruwan Kanwa

Damina tara ke nan da aka binne yayana Mustafa a Jega, kuma har yau in na tuna yadda ya tafi, sai haushi ya kama ni.

Masanin jijiya ne. Ya yi shekaru a ƙasar waje yana binciken wani dodon-koɗin teku marar kwanso, wai don ƙwayoyin jijiyarsa manya ne, ana iya soka musu allura. Mukan yi masa tsiya, ɗan Kabi da bai taɓa ganin teku ba sai da ya yi gemu! Shi kuwa ya yi dariya ya bayyana mana: in sinadarin saƙo ya taɓa ƙwayar, sai wata 'yar ƙofa ta buɗe, wani gishiri mai suna fotashiyam ya fita, jijiya ta lafa. Ka sauya gishirin ruwan da ke kewaye da ita, ƙofar ta sauya hali. Ya ce maganin feshin albasa da muke wasa da shi saƙon nan yake hargitsawa, jijiya ta kasa hutawa.

Ranar da abin ya faru, a gonarmu ta Kashin Zama, tankin feshi ya fashe a bayan wani ma'aikaci, Yaya ya rungumo shi ya tuɓe masa riga, maganin ya jiƙe shi shi ma. Can sai Yaya ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita bakinsa. Maza suka danne shi, wani ya hau ƙirjinsa. Kawu Ladan ya ɗaga murya: "Ku taho da kanwa da nono, ku ɗura mishi!" Na yi ihu a kai shi asibitin Aliero, aka ture ni gefe. Da cokali suka ɓalle masa haƙori. Ruwan ya bi ta huhu, shi ya yi ajalinsa. Masoyansa ne duka, wallahi, shi ya fi ci mini rai.

Da yana nan, me zai ce? Har yanzu daga Maiyama zuwa Birnin Malam matasa na feshi ƙirji a buɗe, kanwa kuma na jira a gida.

Makon jiya ɗana Bashiru ya dawo feshi a gona yana amai. Surukata ta taho da ƙwaryar ruwan kanwa. Na kaɓe ƙwaryar har ta tarwatse a ƙasa, na ɗora yaron a babur sai asibiti. Surukar tawa ba ta yi mini magana ba tun ranar. Bashiru kuwa yau da safe ya ci tuwo har da ƙari.