Kantar da Ba a Sauke Mata Tukunya

Duk faɗin Jalingo, daga Majidaɗi har bayan Abbare, ba a haifi wanda ya kai ni iya sayen kaya ba. Ni ne mutumin da idan ya doshi kasuwa, masu jabun kaya ke tura nasu ƙarƙashin tebur tun yana bakin titi. Na taɓa ƙwanƙwasa kankana da yatsa ɗaya na gaya wa mai ita ranar da aka tsinke ta, da irin ruwan da ta sha. Shekara ashirin da ɗoriya ina sayar da yadi, ko ido rufe hannuna ya san shadda ta gaske. Saboda haka da lokacin zaɓen kantar kicin ya yi, ban nemi shawarar kowa ba. Wa ma zan tambaya?

Ba son ado ne ya sa ni gina kicin ba, tari ne. Tun da na auro uwar 'ya'yana daga Zariya take girki da itace a wata 'yar rumfar kwano a bayan gida, mu tara muna jiran abin da zai fito daga can. Tarin ya fara kamar wasa, har ina tsokanarta cewa ta fi tsohon injin nikan unguwarmu ƙara. Daga baya ya zama idan ta fara sai ta dafa bango. Ranar da na kai ta asibiti, likita ya ɗora abin sauraro a bayanta ya daɗe, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, ƙirjin matarka kamar na wanda ya shekara talatin yana shan taba. Ka raba ta da hayaƙin itace. Ba gobe ba, yanzu."

A hanyar gida ban yi raha ko ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa da ni ba tun da na iya magana. Na ƙudurce a raina zan mayar da ɗakin ajiyarmu kicin, in sa murhun gas, ta huta. Sai aka yi dace za ta tafi bikin 'yar yayarta a Zariya, mako biyu. Na ce to, kafin ta dawo zan gama komai, ta shigo ta gani ta riƙe baki.

Akwai wani shagon tayil da duwatsu kusa da Kasuwar Jalingo, can na nufa. Mai shagon ya jero min samfura a kan benci. Akwai baƙin giranit mai ɗigo-ɗigo, akwai ruwan ƙasa, akwai wani mai kalar hanta. A can ƙarshe kuma ga wani fari sol, da jijiyoyi ruwan toka sun ratsa shi kamar an zuba hayaƙi a cikin nono. Ina ganinsa na ji sauran sun zama tubali.

"Wannan mabul ɗin nake so," na ce.

"Ba mabul ba ne, Alhaji, kwaz ne. A masana'anta ake haɗa shi, garin dutse da danƙo, a zana masa jijiya irin ta mabul. Yana da ƙarfi, ba ya shan ruwa. Amma tuwo ake yi a gidanka?"

"Tuwon gidana har daga Yola ake jiyo ƙamshinsa."

"To ka ɗauki baƙin. Farin nan ba ya son wuta. Idan aka sauke tukunya mai zafi a kansa, danƙon yana ƙonewa, kuma ba ya gogewa."

Na ji maganar, ba zan yi ƙarya in ce ban ji ba. Amma a lokacin ina ƙoƙarin ɗaukar hoton dutsen ne don in tura wa abokaina na majalisa, sai ta shiga ta kunnen dama ta yi sallama ta fita ta hagu. Na ce masa baƙin dutse sai ƙofar banki, matata fari ta dace da shi.

Wanda ya zo aunawa wani dattijo ne Bamumuye, gajere mai kaurin hannu, da fensir a bayan kunne. Ya zagaya ɗakin, ya ja tef ɗinsa, ya tambaye ni, "Oga, madam tana ina? Tsawon kanta da tsawon mai girki ake yi."

"Tana Zariya. Ka auna da ni, ai ni da ita abu ɗaya ne."

Ni kuwa dogo ne irin wanda ke sunkuyawa a ƙofar masallaci, ita kuma iyakarta hammatata. Na dafa ƙuguna na ce ya yi daidai nan, haka na gani a gidajen manya. Ya dubi ƙugun, ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai na riga shi da labarin yadda na taɓa gyara wa wani injiniya lissafin gada. Ya zare fensir ya yi alama a bango.

Kwana goma aka gama. Wallahi kicin ɗin ya yi kyau. Idan rana ta shigo ta taga ta faɗa kan dutsen, sai ka kare ido. Murhun gas mai kai biyu yana zaune a samansa kamar ango. Kafin ta dawo na shigo da 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, manya-manyan magidanta da ba su san hanyar kicin ɗin gidajensu ba, suna shafa kanta suna salati. Wani Bafulatani a cikinsu ya ce shi idan nasa ne a falo zai sa, ya riƙa kwana a kai lokacin zafi.

Da ta dawo na rufe mata ido da hannuna har ƙofar. Na buɗe mata, ta ƙare wa ɗakin kallo. Ta kai yatsa ɗaya ta taɓa bakin dutsen, ta janye da sauri kamar ta taɓa kayan mutane.

"Allah ya saka da alheri, Malam. Allah ya ƙara buɗi." Sai ta ɗan ɗaga kai ta dubi murhun. "Yana da kyau ƙwarai."

Na ɗauka daɗi ne ya hana ta doguwar magana.

Kwana biyu ta yi shinkafa da taliya, lafiya lau. Rana ta uku ta ɗora tuwon masara. Na dawo daga kasuwa bayan la'asar, na leƙa don in ga dutsena, sai na tarar da ita tana gugar wuri ɗaya da soso, gumi har haɓa. A tsakiyar farin nan ga wani zobe ruwan ƙasa, faɗin gindin babbar tukunyarmu, ya zauna daram.

"Me ye wannan?"

"Tukunyar ce ke zamewa a kan murhun, Malam, ina tuƙi tana gudu. Na ji tsoron kada ta kife min a jiki, shi ne na sauke ta nan in ƙarasa."

Da mutum ne mai hankali, a nan zai tuna cewa an yi masa kashedi kuma bai isar ba. Ni na tuna. Tunawar ce ma ta ƙara min zafi, don na san laifin nawa ne kuma ba na son ya zama nawa. Na ɗaga murya har kajin maƙwabta suka watse. Na ce ko sati ba a yi ba ta ɓata abin da gari ke zuwa kallo. Na ce abubuwa da yawa, amma ɗaya ce ta tsaya min a wuya har yau. Na ce mata, "Ke dai murhun duwatsu uku ne daidai ke."

Ba ta yi kuka ba. Ta matse soson, ta ajiye, ta ce, "To, Malam. Ka yi haƙuri."

Washegari da na fito zan tafi kasuwa, na ga hayaƙi yana tashi daga bayan gida. Ta koma rumfarta. Kicin ɗin kuwa ta share shi, ta goge, ta shimfiɗa wani tsohon zanen gado a kan kantar daga wannan bango zuwa wancan. Ruwan shayi kawai take dafawa a ciki, shi ma sai ta ɗora butar a kan faifai.

Ga abin da ya fi ba ni kunya. Na ga hayaƙin nan, na san abin da likita ya ce, amma wani lungu na zuciyata ya ji sanyi cewa dutsen zai huta. Na gaya wa kaina fushi take yi, kwana biyu za ta huce ta dawo. Idan an tambaye ni a majalisa yaya kicin, sai in ce ai yanzu abincin gidana har sheƙi yake yi.

Damina ta sauka. Wanda ya san ruwan Jalingo ya san itace ba ya bushewa a lokacin, sai a yi ta hura shi yana tsiyayar ruwa yana fitar da hayaƙi fari mai yaji. Tarin ya dawo, ya fi na da. Ina cin tuwo a tsakar gida ina jiyo shi daga rumfa, tari mai zurfi wanda ke ƙarewa da wani siririn fito. Nakan ɗaga murya in ce, "Hajiya, a rage wa injin nan mai!" Da can takan mayar min da amsa. Yanzu sai shiru, sai ƙarar muciya. Sau biyu na tashi da niyyar in je in ce ta koma ciki, ta ƙona dutsen gaba ɗaya idan ta so. Sau biyun ina kaiwa ƙofar rumfar sai in tambaye ta ko ta ga hulata.

Wata Talata da azahar babbar 'yata ta kira ni a waya, ta ce in zo gida maza. Na bar shago a buɗe. Na tarar da uwarta zaune a ƙasa ta jingina da bangon rumfa, tukunya na tafasa a kan wuta, ita kuwa tana jan numfashi kamar ta cikin tsinke, leɓɓanta sun canza kala. Na ɗauke ta cak, na ji ba ta da nauyi ko kaɗan, ban san lokacin da ta rame haka ba. A cikin keke na riƙe kanta a kafaɗata ina ta addu'a, duk wadda na fara sai in manta ƙarshenta.

Kwana uku ta yi a asibiti. Likitan nan ne dai. Ya tambaye ni ko ban ji abin da ya gaya min ba. Na ciro waya na fara nuna masa hoton kicin, ina cewa ya duba da kansa irin abin da na yi mata. Ko kallon wayar bai yi ba. Ya ce duk lokacin da irin wannan ya faru akwai abin da ƙirji ke rasawa wanda ba ya dawowa, kuma ba ya son ya ga na uku.

Da ta samu sauƙi na zauna a bakin gadonta. Na fara da wasa, wasan ya ƙi tashi, sai na bari.

"Hajiya, me ya sa kika koma wa itacen?"

"Ka ce na ɓata maka."

"Ai naki ne."

Ta ɗan yi murmushi. "Nawa ne, Malam? To ko nawa ne, ba na kaiwa. Idan na ɗora babbar tukunya bakinta yana daidai haɓata. Kwana ukun nan da na yi a ciki, da ɗage na yi su. Kafaɗata har yanzu ba ta saki ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ina ka tsaya ka saurara?"

Na nemi gafararta a kan maganar duwatsu uku, da ƙyar kalmomin suka fito, kamar ana zare su da filaya. Ta ce ya wuce. Na san ta yafe, ban tabbata ya wuce ba.

Ranar da aka sallame ta na aika aka kira dattijon nan mai fensir. Na ce masa ko a fasa kantar, ko a sare ƙafafunta, ko a yi mata matakala, duk abin da zai shigo da matar nan ciki ya raba ta da hayaƙi. Ya ɗaga zanen gadon, ya ga zoben, ya sake rufewa. Ya juya ya gaishe ta da ladabi.

"Sannu, Mama, yaya jiki? Don Allah nuna mini yadda kike yi tuwo."

'Yata ta kawo mata kujera 'yar tsugunno da babbar tukunya babu komai a ciki. Ta zauna, ta ajiye tukunyar a ƙasa a gabanta, ta naɗe tsumma ta tokare gefenta da ƙafa, ta kama muciya da hannu biyu ta sunkuya a kai, ta juya sau uku da dukan nauyin jikinta. Tukunyar ko motsi ba ta yi ba. Ni ina tsaye a bayansu, kaina yana kusa da silin, ina kallo kamar baƙo.

Dattijon ya durƙusa ya auna daga ƙasa zuwa gindin tukunyar. Bai kai taƙi ɗaya ba. Ya ce ba sai an fasa komai ba. Za a zuba ɗan dakali na siminti a lungun da ke ƙarƙashin taga, a sayo murhun gas na ƙasa mai ƙafa gajeru irin na masu sayar da abinci, a ja masa doguwar roba. Siminti ba ruwansa da zafi. Farar kantar kuma a bar ta da kwanuka da yankan albasa.

"Mama, haka ya yi miki?"

"Idan tukunya za ta zauna a ƙasa, zan shigo," ta ce. Sai tari ya kama ta, muka tsaya shiru har ya sake ta.

Shirun ne ya dame ni, ni kuwa ba na iya zama da shiru. Na gyara murya na ce ai dama tun farko abin da na yi niyya ke nan, dakalin yana cikin tsarina, aiki ne ya yi min yawa na manta ban faɗa ba.

Dattijon ya naɗe tef ɗinsa a hankali, ya mayar da fensir bayan kunne, ya ɗaga kai ya dube ni.

"Oga, shekara nawa kana cin tuwon matar nan?"

"Ashirin da huɗu."

"Kuma sai yau ka ga yadda ake tuƙa shi."