Ranar da Hedimasta Ya Makara

Shekara shida ke nan muna ɗaki ɗaya da Surajo a unguwar Najma da ke Doha, gadonsa a ƙasa nawa a sama, saboda haka in na ce muku mutumin nan matsoraci ne, ba ƙage na yi masa ba. Ni Shamsu gadi nake yi a wani dogon bene a West Bay, shi kuwa direba ne a wani kamfanin motocin haya. Shekararsa goma sha ɗaya yana tuƙi a Doha, kyamarar titi ba ta taɓa haska shi ba ko sau ɗaya. Kada ku ce ƙwarewa ce, tsoro ne. Ko fitilar hanya ta ba shi hannu sai ya ɗan dakata tukuna, wai ko za ta canja shawara.

Abin da ya fi tsoro a duniya kuwa shi ne makara. Ƙararrawa uku yake saitawa a wayarsa, mu biyar da ke ɗakin kullum sai mun yi masa Allah ya isa. Tun yana firamare a Ringim abin ya shige shi. Mahaifiyarsa ta yi fama da ciwon ƙafa shekara da shekaru, shi ne babba, sai ya cika mata randa daga rijiyar unguwa kafin ya tafi makaranta. Kullum ya iso an kaɗa ƙararrawa, hedimasta Malam Abdulbaƙi yana tsaye a bakin ƙofa da tsumagiya. Doka ita ce makararre ya miƙa tafin hannunsa na dama, ya riƙe wuyan hannun da na hagu, ya kau da kai, a zuba masa shida. Surajo ya sha wannan shida ɗin har ya gama aji shida, bai taɓa buɗe baki ya faɗi dalili ba. Yanzu yana da shekara arba'in da 'ya'ya huɗu a gida, amma in aka ambaci sunan Malam sai ka ga ya gyara zama.

To, a watan Janairun bara aka kira shi daga garin Sharja da ke kusa da Dubai. Dakta Bilqis ce, 'yar Malam ɗin. Ta ce ta biya wa iyayenta kwana bakwai a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, daga Dubai za su taso, ranar Juma'a su yini a Doha. Su jiragen nan suna da nasu tsarin yawo: a zuba mutane a bas, a zaga da su gari, a dawo da su, in bas ɗin ya makara dole jirgi ya jira shi. Sai dai tsada kamar me. Wanda ya fita da ƙafarsa kuwa ya huta da tsadar, amma in ya makara sai dai ya ɗaga wa jirgi hannu. Malam ya ce ɗalibansa sun cika Doha, ba zai yarda a biya wani ƙato ya nuna masa raƙumi ba. Aka rasa wanda za a ɗora wa sai Surajo.

Da safe na raka shi tashar jiragen ruwa, don ya ce shi kaɗai ba zai iya ba. Malam ya fito cikin farar babbar riga da sanda, ya tsufa, ya ranƙwafa, amma idon nan yana nan. Surajo ya zube har ƙasa a gaban Turawa.

"Ina Hajiya, ranka ya daɗe?"

"Gwiwa ta hana ta. Tana ɗaki. Kafin magariba zan koma in yi mata allurarta."

A hanya muka ji sauran. Hajiya Asabe ciwon suga gare ta, ya taɓa mata ido, ba ta iya ganin awon allurar, Malam ne yake yi mata safe da yamma. Ba ta jin Turanci ko na sayen ruwa. Ko ƙofar ɗakinsu a jirgin ba ta iya buɗewa da katin nan sai shi.

Da muka shiga mota Malam ya duba agogon motar, ya cire nasa ya mayar da shi baya awa ɗaya, ya ce mutum ya shiga gari ya bi lokacin garin. Sannan ya miƙa wa Surajo takardar jirgin ya ce ya adana. Na ga Surajo ya karanta, ya sake karantawa. An rubuta kowa ya dawo ƙarfe huɗu da rabi. A ƙasa kuma da ƙananan baƙi an ce da agogon jirgi, wanda ke bin lokacin Dubai, gaba da na Doha da awa ɗaya. Wato uku da rabi ke nan a nan. Surajo ya san zancen, don shekara guda kafin nan a gabansa jirgi ya tashi ya bar wasu mata da miji da ya sauke, matar ta zauna daɓas a ƙasa tana rusa kuka.

"Malam, dama... wai agogon jirgin..."

"Me ya sami agogon?"

"Kamar uku da rabi suke nufi, ranka ya daɗe."

"Karanta mini lambar da ke jiki."

"Huɗu da rabi, Malam."

"To. Shekara talatin da biyar ina kaɗa wa mutane ƙararrawa, yau kai Surajo za ka koya mini lokaci? Ja mota."

Ya ja mota.

Yawon dai ya yi daɗi, ga wanda hankalinsa ke kwance. Mun bi bakin teku, Malam ya ƙirga benayen West Bay ya ce almubazzaranci ne. Muka ajiye mota muka sa shi a jirgin ƙasan Metro tasha biyu don ya gani, ya yaba tsabtar ya ce da ɗalibansa ne suka share da ya ba su bakwai cikin goma. Bayan sallar Juma'a muka ratsa kasuwar Suƙ Waƙif, ya taya turare ya bar mai kanti da baki buɗe. Duk wannan Surajo bai ga komai ba sai fuskar wayarsa. A wajen masu sayar da shaho ya sake gwadawa, ya matso ya ce, "Malam, game da lokacin nan," Malam ya juyo ya dube shi kawai. Sai na ji Surajo yana cewa wai dama tambaya zai yi ko Malam zai sha shayi.

Da mun wuce tashar jirgin ruwa daga nan da ba ku ji wannan labarin ba. Amma ranar Juma'a ce, kowa yana gida, kuma labari ya riga ya zaga Najma cewa hedimastan Ringim ya zo. Baballe, wanda ke yi mana tuwo duk Juma'a, shi ma tsohon ɗalibinsa ne, ya rantse Malam ba zai bar garin nan bai ci tuwonsa ba. Baƙonka annabinka, wa zai ce a'a? Muka isa ƙarfe biyu. Mutum ya kai ashirin a ɗakin da aka yi don mutum shida, kowa sai ya durƙusa, sai an tambayi mahaifinsa da kakansa, sai an tuna shekarar da ya gama. Ga tsiya kuma gas ɗin Baballe ya ƙare tuwo yana kan wuta, aka tafi aro bene na uku.

Aka kira la'asar, Malam ya ja mu salla a tsanake. Uku da minti biyar aka sauke tuwon shinkafa da miyar kuka. Surajo ya ja ni baranda.

"Shamsu, don girman Allah kai ka gaya masa. Kai bai koyar da kai ba."

Na ce ba komai, wannan ai ƙaramin abu ne. Na shiga da ƙarfina, Malam ya ɗago ido ya ce, "Kai kuma ɗan gidan wa ne?" Sai na ji bakina yana cewa a ƙara masa man shanu. Kun ga ni ma da nake zagin Surajo ba wani jarumi ba ne.

Ya kira Dakta Bilqis sau huɗu, wayar a kashe, ashe tana ɗakin tiyata. Uku da kwata ta yi. Malam kuwa ya kai loma ta uku, ya gyara zama, ya fara yi wa jama'a nasiha a kan kiyaye lokaci. Yana cewa ƙararrawa ba ta jiran ɗan kowa, suna cewa haka ne, Malam.

Na dubi Surajo. Leɓensa yana motsi. Daga baya ya gaya mini ba addu'a yake ba, Hajiya yake gani: tsohuwa zaune bakin gado, ƙasa tana motsi a ƙarƙashinta, gari yana nisa ta taga, ta kira Malam shiru, ta fito ta rasa wanda zai gane abin da take faɗi, ga lokacin allura yana wucewa. Ya ce fuskar Innarsa ya riƙa gani a jikinta.

Kawai sai ya tsallake mutane, ya sunkuya, ya ɗauke kwanon tuwon daga gaban Malam.

Hannun Malam yana sama da loma a ciki. Ni tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin an janye wa dattijo abinci ba. Baballe ya ce, "Surajo, ka haukace ne?"

"Malam, tashi!" Muryarsa ta fashe kamar ta zakara sabon cara. "Ka makara! Saura minti goma sha biyu su janye gadar shiga jirgi, Hajiya tana ciki ita kaɗai. In ka ga dama ka tsine mini a mota, amma tashi!"

Bai jira amsa ba, ya cusa hannu a hamatar Malam ya ɗaga shi cak. Ni na kwaso sanda da takalma. Malam da miya a hannu muka sauko da shi bene.

Wannan tuƙin ba zan manta da shi ba har in mutu. Surajo da ke ba kyanwa hanya, shi ne yake kutsawa tsakanin motoci yana danna ham yana ihun yalla, yalla, wato maza-maza da Larabci. A kan titin da ya miƙe zuwa bakin teku kyamara ta haska mu, fau! Ya san kamfaninsu ba ya wasa da wannan, amma ko ƙifta ido bai yi ba. Ina baya ina karanto duk abin da ya zo bakina.

Malam ya ɗauki takardar jirgin daga gaban mota, ya sa tabarau, ya kai ta kusa da hanci. Na ga ya daɗe a kan ƙananan baƙin nan. Sannan ya sauke ta. Can daga nesa muka ji jirgin ya yi wata irin ƙara mai kauri, har cikin cikina na ji ta.

"Tun safe ka sani," in ji Malam a hankali.

"Na faɗa, ranka ya daɗe."

"Ka faɗa kamar mai neman gafara." Sannan ya ce, "Kai ne kullum kake zuwa bayan ƙararrawa, wandonka a jiƙe. Me yake tsayar da kai?"

"Ruwa nake ɗebo wa Inna. Ba ta iya tashi."

"Shekara shida? Me ya hana ka gaya mini?"

"Tsoro nake ji, Malam."

Uku da minti arba'in muka tsaya a ƙofar tasha, mun wuce lokaci da minti goma. Ba a barin wanda ba fasinja ba ya shiga. Wani ma'aikacin jirgi da waya a hannu ya hango katin jirgin da ke wuyan Malam, ya rugo da keken guragu, ya dasa shi a ciki ya juya da gudu. Malam bai waiwayo ba, bai ce sai wata rana ba, bai ce Allah ya yi albarka ba.

Muka zagaya ta wajen wasu gidaje masu launi-launi inda ake hango jirgin. Surajo ya riƙe ƙarfen shinge da hannu biyu. Yana ta cewa sun rufe, wallahi sun rufe, ya kashe matar mutane, ga bakin Malam a kansa. Gada ɗaya ce ta rage, ma'aikata suna tsaye a gindinta. Minti biyar ɗin nan sun fi mini tsayuwar gadin awa goma sha biyu tsawo. Sai ga keken ya ɓullo, farar riga tana kaɗawa. Suna shigewa aka janye gadar.

Surajo ya zauna a ƙasa. Na ce ya tashi mu tafi, ya ce a'a, sai ya ga tashinsu. Jirgin ya fara ja da baya a hankali, mutane sun jeru a baranda suna ɗaga hannu. Na ɗaga wayata na jawo hoton kusa, ina bin su ɗaya-ɗaya, har na samo su a hawa na ƙasa: Malam, da wata tsohuwa da shuɗin mayafi ta riƙe gefen rigarsa.

"Ga su can! Tashi, Malam yana ɗaga maka hannu."

Ya karɓi wayar ya ƙura ido. Na ga fuskarsa ta canja.

"Ba ɗaga hannu yake ba," in ji shi.

Na leƙa. Malam ya miƙo tafin hannunsa na dama ta saman ƙarfen baranda, ya riƙe wuyan hannun da na hagu, ya kau da kai gefe. Haka ya tsaya bai sauke ba, jirgi yana tafiya da shi.

Surajo ya miƙo mini wayar, hawaye yana bin gemunsa. Ya kai hannu biyu baki ya ƙwala da iyakar ƙarfinsa, ko da yake ba yadda za a yi a ji shi daga can.

"Na yafe, Malam! Sauke hannunka!"