Birgi Mai Kamu Tara

Wari ne ya haɗa ni da Makcik. Wata na huɗu ke nan da zuwa Kuala Lumpur, ina ratsa layin masu busasshen kifi a kasuwar Chow Kit, sai hancina ya ja ni gaban wata tsohuwa da ta jera wasu dunƙule-dunƙule masu launin ƙasa. Na ce alhamdu lillahi, ashe mutanen nan sun san daddawa. Na sayi uku, na koma gidanmu a Setapak, na marmasa guda cur a miyar kuka. Ranar nan da buredi da shayi muka yi abincin rana, tagogi duk a buɗe, maigidana yana ta dariya har da riƙe ciki. Shi ya gaya mini sunan abin belacan, da ƙananan jatan lande ake yin sa, kuma ɗan kamar kan farce ake gasawa a saka.

Mako na zagayowa na koma da fushina, ni a dole an cuce ni. Da hannu da guntun Malayancina na kai ƙara. Tsohuwar ta yi dariya har ta share hawaye da bakin gyalenta, sannan ta zaunar da ni a kan bokiti ta nuna mini yadda ake yi. Tun daga nan nake kiranta Makcik, wato inna, mijinta kuma Pakcik, kamar yadda ake kiran manya a can.

Daga wani ƙauye suke zuwa duk ƙarshen mako, inda kogi yake shiga teku, tafiyar kamar awa biyu a mota. Pakcik ke kamo jatan landen, ita ta shanya ta daka. Siriri ne, baƙi wuluk saboda rana, magana ba ta dame shi ba. Ranar da na ce masa ni 'yar masunci ce, ya dubi hannuwana masu laushi ya yi murmushi, bai yarda ba. Sai na ɗauki wata tsohuwar raga da ya rufe kwando da ita, na sa yatsu a cikin idonta na auna kamar yadda Baba yake yi. Nan take ya ture kwandon ya gyara mini wurin zama.

Babana masunci ne a wani ƙauye tsakanin Haɗeja da Nguru. Ina yarinya, idan ruwa ya cika, daga bayan gidanmu ba ka ganin ɗaya gaɓar. Da birgi Baba ya yi suna, ragar nan mai dalma a baki da ake jefawa ta buɗe kamar faifai. Daga baya ruwa ya daina zuwa a lokacinsa, kacalla ta fara cin bakin gaɓa, wannan doguwar ciyawa da ko jirgi ba ya ratsa ta. Kafin a yi mini aure Baba ya rataye birginsa, ɓeraye suka ƙarasa shi.

Duk Juma'a Yayana yakan kai masa waya mu gaisa, kuma duk hirarmu ba ta wuce lafiya lau da ya yara. Amma da na ba shi labarin Pakcik, sai ga Baba da tambayoyi kamar alƙali. Na zama 'yar aike tsakanin tsofaffi biyu da ba su taɓa ganin juna ba. Baba ya ce in tambaya wane wata ruwansu yake cika. Pakcik ya ce kullum yake cika ya janye, sau biyu. Baba ya ce in koma in sake tambaya, ban fahimci yaren ba ne, babu ruwan da yake yin damina biyu a yini ɗaya. Pakcik kuma ya ce in tambaya wane itace ke tsare musu gaɓa. Su nasu bakau ne, itacen da ke tsaye cikin laka da saiwoyinsa a waje, a nan jatan lande da kifi suke renon 'ya'yansu. Ya ce an sare mafi yawansa an haƙa tafkunan kiwon jatan lande, manya-manya masu kusurwa huɗu, injina na kaɗa ruwansu dare da rana, in sun gama su sako dattin cikin kogi. Da na kai wa Baba wannan, sai ya ce ashe kowa da irin kacallarsa.

Abin da ban gaya wa Pakcik da wuri ba shi ne, waɗannan tafkunan su suka kawo mu ƙasar. Karatun maigidana ke nan, yana zuwa yana ɗiban ruwansu a kwalabe yana aunawa. Kunya ce ta hana ni faɗa. Da Makcik ta ji daga baya, kafaɗa kawai ta ɗaga, ta ce ɗansu ma a can yake gadi.

Pakcik ne da kansa ya ce zai saƙa wa Baba birgi, kyauta, ni in sayi zare da dalma. Ya ce in tambayo tsawon da Baba yake jefawa. Baba bai ko yi tunani ba ya ce kamu tara. Pakcik ya auna da damtsensa a gefen tebur, ya tambayi shekarun Baba, ya girgiza kai. Ya ce wannan ragar saurayi ce, dattijo ba zai iya ɗaga dalmarta ba, a yi biyar. Na mayar da saƙo. Baba ya hau faɗa, ya ce shi aka tambaya ko ni, kamu tara yake jefawa tun ban zo duniya ba. Halinmu ɗaya da shi, na san ba a tanƙwara shi. Pakcik ya ce boleh, to shi ke nan, tara ɗin.

Shirina shi ne in kai birgin da hannuna idan mun je hutu. Baba ya fara rauni a lokacin, ƙafafunsa na kumbura, Yaya ba ya son faɗa mini amma ina ji a muryarsa. Na ƙudurta a raina sai na ga birgin nan a hannunsa, ko da sau ɗaya ne ya jefa.

Sai korona ta zo. Aka sa dokar kulle, jirage suka tsaya, aka hana ƙetare gunduma. Kasuwar Chow Kit ma aka rufe ta na wani lokaci, da aka buɗe kuma su Makcik ba su dawo ba. Muka zauna a hawa na sha ɗaya, yara na karatu ta waya suna ba ni amsa da Turanci, ni ina leƙen titin da babu kowa sai masu babur ɗin kai abinci. Ban taɓa kewar gida irin ta wannan lokacin ba. Ina son in ji ƙarnin kifi a jikin rigar Baba, in ji shi yana yi wa Yaya faɗa a kan ƙulli. Belacan ɗin da ya rage mini na dinga tsakura kaɗan-kaɗan, wani lokaci ba don miya ba, in buɗe robar kawai in shinshina, don warin yana kama da na bakin ruwanmu idan ya janye.

Wata rana Makcik ta turo hoto ta wayar ɗanta. Birgi ya kammala, ga shi rataye a jikin bishiyar kwakwa. Kulle ya hana Pakcik kasuwa, sai ya zauna ya gama. Na tura wa Yaya, ranar Juma'a ya buɗa wa Baba hoton ya kai shi kusa da idonsa. Na zaci godiya zan ji.

"Yatsa nawa ne idon?" in ji Baba.

Na ce ban sani ba.

"Ko ɗan yatsa ba zai shiga ba. Ki gaya masa wannan raga ba ta barin jarirai. A zamaninmu in sarkin ruwa ya kama mutum da irinta, a gabansa za a yanka ta."

Raina ya ɓaci. Mutum ya yi wata da watanni yana saƙa, abin da za ka ce ke nan? Na yi niyyar in haɗiye saƙon, amma ɗan aike ba ya tace magana, na sassauta ta na faɗa wa Makcik. Kuskuren namu ne gaba ɗaya, mun yi ta gardamar tsawo, babu wanda ya tuna da ido. Pakcik ya saƙa abin da hannunsa ya saba, ragar jatan lande. Ya karɓi wayar da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya yi magana a hankali don in gane. Ya ce yana saurayi ragarsa yatsa uku ce, saboda akwai manyan da za a kama. Da aka sare bakau ya koma biyu, daga baya ɗaya. Ya ce ba shi ya rage idon ba, kogin ne, kuma yanzu ko ya so ya saƙa mai faɗi, hannunsa da kansa yake matsewa. Ya ce in ba Baba haƙuri.

Na kai wa Baba wannan kalma da kalma. Sai na ji ya ce wa Yaya ya ɗan ba shi wuri.

"Ki gaya masa ni zan ba shi haƙuri," ya ce. "Shekarar ƙarshe da na shiga ruwa, da gidan sauro na yi su. Na uwarki na kwance. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Na san gidan sauron. Inna ta yi ta cigiyarsa har ta zargi maƙwabta. Na zauna a kan tabarmar sallah na yi kuka, tausayinsa da kunyar da ya ɗauka shi kaɗai duk suka taru mini.

Daga ranar na addabi maigidana. Yana da takardar izinin ƙetare gunduma saboda kwalabensa na ruwa, kuma tafkunan da yake zuwa ba su da nisa da ƙauyen su Makcik. Ya ce takardar ta aiki ce, ba ta yawo ba, in aka tsayar da shi a shinge me zai ce. Na ce ya ce raga kayan aikin ruwa ce, ai ba ƙarya ya yi ba. Kwana uku ina gaishe shi a taƙaice, rana ta huɗu ya dawo da buhu a kafaɗa da ƙullin belacan daga Makcik. Ya ce Pakcik ya tsaya daga nesa da takunkumi a fuska, ya ajiye buhun a kan kututture ya ja baya.

Na zaga duk masu aika kaya gida da na sani. Wannan ya ce jira, wancan ya ce kaya sun taru a sito babu jirgi, wani ya ce ta ruwa sai bayan watanni kuma ba ya ba da tabbaci. Na ƙi sakin birgin, ina tsoron ya ɓace a hanya, ina ganin gobe ko jibi za a buɗe. Wannan shawarar tawa ce, babu wanda ya ba ni ita.

Baba ya ce tunda haka ne in jefa masa ya gani. A falonmu ko rabinsa bai buɗe ba, dalma ta kusa fasa talabijin. Da aka ɗan sassauta kulle muka sauka filin wasan da ke ƙasan benenmu da azahar, maigidana ya riƙe waya, ni na tsaya da hijabi da takunkumi da raga mai nauyin yaro. Can gida asuba ce ta wuce, Baba na jingine da bango yana ba da umarni. In ɗaura igiya a wuyan hannu, in ɗora kashi ɗaya a kafaɗa, in juya da ƙugu ba da hannu ba. Na farko ya faɗi a dunƙule kamar wanki. Baba ya ce kaico, 'yar masunci. Na biyu ya naɗe mini ƙafa. Mutane suka fara leƙowa daga baranda, wata 'yar Sin tana ɗaukata a waya. Ban san na nawa ba ne, na juya da dukan jikina na saki, sai ga shi ya tashi ya buɗe, zagaye cif, dalmar ta sauka a kan siminti gaba ɗaya da ƙara guda.

"Ya buɗe," in ji Baba. "Mutumin nan ya iya saƙa. Ki ajiye mini, kada ki bari ya jiƙe ki naɗe."

Bai kai ga taɓa shi ba. Ya rasu kafin jirage su dawo sosai, ni ina hawa na sha ɗaya, ta waya na karɓi gaisuwa. Makcik ma ta kira ta yi mini ta'aziyya, ta ce Pakcik ya yi masa addu'a a masallacinsu.

Da muka samu zuwa gida, da birgin na tafi a jakar hannu, na bar atamfofin tsaraba. Na ce wa Yaya ya kai ni bayan gida, shi ya jefa a madadin Baba ko sau ɗaya. Bai yi musu ba, ya saɓa buhun muka fita. Muka bi gaɓa muka yi ta tafiya, kacalla ta fi mu tsawo dama da hagu, ruwan da ake gani bai wuce faɗin tabarma ba, nan da can. Muka kai har inda Baba yake ɗaure jirginsa a da. Yaya ya sauke buhun ya zauna a kai.

"Ke da kika ce tara," ya ce, "ina za a jefa?"

Na ce ba ni na ce ba, Baba ne.

"Ya sani. Kullum da yamma nan nake kawo shi ya zauna."

Muka ɗan jima a wurin, sannan na karɓi buhun na ɗauka da kaina muka koma gida.