Takardar da Kawu Ya Ƙi Sa wa Hannu

Jiya a kasuwar Suk al-Shabi ƙanshin gahawa mai citta ya tuna mini da Kawu, wan mahaifiyata, wanda ya yi gwamna a wata jiha zamanin soja.

Wata rana ya zo hutu wurinmu a Omdurman, ina zuba masa gahawa, wani hafsa ya kawo takardar ƙwace gonakin talakawa. Kawu ya karanta, ya mayar masa.

Na ce, "Kawu, kujerarka fa?"

Ya ce, "Su ɗauka, 'yata. Wallahi ba da hannuna ba."

A makon aka sauke shi, ya koma hawa bas kamar kowa.

Yanzu a ofishin filaye nake aiki, ana matsa mini in sa hannu a irin waccan takardar. Ba zan sa ba.

Allah Ya haskaka kabarinsa, ni kuma Ya tsayar da ƙafata.