Tsakuwar da Na Zaɓa

Caɓal, caɓal. Ƙarar silifas ɗin yara ce cikin laka, sun dawo daga lakwal, makarantar boko, za su hau mini tabarmar sallah da ita. Ranar na ce wa maigidan kalas, na gaji.

Ƙasar unguwarmu ta Diguel yumɓu ce, ba ta shan ruwa. In an yi ruwan sama sai ya kwanta tsakanin ɗakuna da bayi, har wajen 'yan shukokina na na'ana'a da yakuwa. Maginin da muka kira ya nuna mini tsakuwa iri biyu: mai santsi, da fasasshiya mai kaifin baki. Ya ce fasasshiyar tana kama juna, ruwa ya tsiyaye ta ƙarƙashinta ya bi magudana. Ita na zaɓa. Aka zuba yashi, aka shimfiɗa ta, aka daddaɓe. Ruwan da ya biyo baya bai kwana ba. Maƙwabta har leƙowa suke yi, ni kuwa ina jin daɗi.

Ban tuna da Inna ba, mahaifiyar maigidan. Idonta ya daɗe da tafiya, kuma ba ta sa takalmi a gida, don da tafin ƙafa take gane hanya. Ta san tubalin da ya karkace, ta san ɗan kwarin da ke gab da randa, daga nan sai ta juya dama. Duk na binne su.

Na saya mata silifas mai taushi. Ta shafa shi, ta sa mini albarka, ta tura shi ƙarƙashin gado.

"Inna, ko tsakuwar tana sukar ki?"

"Haba 'yar nan, gida ya yi kyau, kowa yana faɗa."

Da na miƙa hannu zan raka ta bayi, sai ta ce ba ta matsu ba. Mace ce da ba ta taɓa yarda a kai ta bayi ba. Na ce a raina za ta saba, na bar maganar. Na ga leɓenta yana bushewa, na ɗora wa zafin gari laifin.

Wata la'asar na aiki ƙaramar 'yata da kofin shayi. Sai ga ta ta dawo da shi cike, tana tafe a hankali kada ya zube.

"Umma, Kaka ta ce a daina kai mata. Ko ruwa ma kaɗan take sha yanzu, wai don kada ya sa ta fita."